Allon Samarin Hare Tickle

A rumfar gyaran komar kamun kifi ta garin Hare Tickle, can bakin tekun tsibirin Newfoundland, akwai tsohon allon katako da aka rubuta "Samarin Hare Tickle" a samansa. Mallakar jirgi ba ta sa a rubuta sunan mutum a kai. Sai ranar da ka fita cikin mugun hadari ka jawo jirgin ɗan'uwanka da injinsa ya mutu har gaɓa, ranar ake ɗauko fenti.

Verna Hiscock ta shekara tara tana kamun ƙaguwa kafin sunanta ya hau allon. Duk tsawon shekarun nan, wanda ya shigo rumfar sai ya ce, "Ina kwananku, samari," ya ɗan dakata, ya ƙara da, "da uwargida." Ƙarin nan ya fi zagi yi mata ciwo. Sai da ta fizgo jirgin Ambrose Keough daga bakin duwatsu, igiya ta saɓule mata fatar hannu, sannan aka daina. A garin nan kowa saurayi ne, har tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya. Ita ma ta shiga sahu, tsakanin Ambrose da Cyril Pardy.

Wata Talata ta dawo daga teku ta tarar da allon jingine a waje, yayyafi na dukansa. A ciki, maza sun yi tsuru-tsuru da kofunan shayi, ga wata budurwa mai suna Jocelyn Furlong da ƙungiyar masunta ta turo daga birnin St. John's. Ta kawo sabon allo mai sheƙi. An rubuta "Masu Sana'ar Kamun Kifi", sunayen maza a jere. Can sama kuma an keɓe wuri da ruwan zinare: "Mace a Teku, Verna Hiscock."

"Kyaftin, ke muke jira," in ji Jocelyn, tana murmushi. "Yanzu a duk takardunmu mun bar cewa samari. Suna ɗaya muke so wanda ya ɗauki kowa."

Verna ta dubi allon, ba ta ko cire takalmin robarta ba.

"Idan ya ɗauki kowa, 'yar nan, me ya kai ni can sama ni kaɗai kamar tsuntsun da aka kora daga garke?"

"Girmamawa ce."

Verna ta nuna tsohon allon da ke waje. "Cyril, kai ka sauke wancan?"

Cyril ya sosa ƙeya. "Cewa aka yi a sauke, ni kuma nake riƙe da sukundireba."

"Da an ce ka faɗa ruwa, ai kai ke kusa da baki."

Ambrose ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi.

Jocelyn ba ta ja da baya ba. "Ki duba, Kyaftin. 'Yan matan makarantar nan suna wucewa kullum. Yarinya ta ga an rubuta samari, sai ta ce ba wurinta ba ne."

"Turo mini ita a watan Afrilu. Ta yi amai kwana uku, ta ɗaga tarkon ƙaguwa da yatsun da sanyi ya sandarar. In ta dawo rana ta huɗu, ta sami wuri. Allo ba ya sa kowa a jirgi."

"An riga an buga. Ba a gyarawa."

Verna ta ji tafin hannunta na zogi, kamar yadda yake yi duk lokacin da ranta ya ɓaci. Ba maganar samari ta fi cin ranta ba. Su kira sana'ar duk abin da suka ga dama a ofishinsu. Amma shekara ashirin da biyu sunanta na tsakiyar layi, ba za a zo da rana tsaka a ɗauke shi a ajiye gefe da sunan ado ba.

Ta zaro zarto daga jikin bango. Ta dafe sabon allon da gwiwa, ta yanke saman nan mai zinare tsaf, ta miƙa wa Jocelyn.

"Ga girmamawarku. Ki rataye ta a St. John's."

Jocelyn ta tsaya riƙe da guntun katakon. "To ai yanzu sunanki ba ya ko'ina a kai."

"Haka ne."

Ambrose ya ajiye kofinsa, ya matso ya karanta abin da ya rage da kyar, don bai zo da tabarau ba.

"Allon da babu sunan wadda ta jawo ni, ni ma a kankare nawa," ya ce. "Da ba don ita ba, a makabarta za ku karanta shi."

Babu wanda ya taɓa sabon allon bayan nan. Verna ta fita cikin yayyafi ta kama gefen tsohon allon, Cyril ya bi ta ya kama ɗaya gefen ba tare da an ce masa ba. Suka ɗaga shi suka daidaita da ramukan ƙusoshinsa na da.

"Ya karkace ta ɓangarenka," ta ce.

"Kafaɗata ce, Verna."

"To ɗaga ta. Kai ka sauke shi."