Wa Ya Yanka?

Maiwada na zaune a ƙofar ɗakin Malam Isyaku yana kankare dafi daga bakin kibiya. Guda uku ya zaɓa. Ya kankare su tas, ya wanke da ruwan toka, ya goge a gefen wandonsa.

"Har yanzu kana iya jan baka kuwa?" in ji Malam Isyaku daga kan gado. Muryarsa ta sirance, kalmomin suna fita ta gefe ɗaya na bakinsa.

"Kai dai wasa wuƙarka, Liman."

Isyaku ba limamin ko'ina ba ne, Maiwada ne ya laƙa masa sunan shekara arba'in da suka wuce. Maiwada Bamaguje ne, bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba, kuma duk ƙauyen Tudun Geza, can tsakanin Bakori da Malumfashi, ba a yi maharbi kamarsa ba. Sai dai abin da ya kashe da hannunsa mushe ne a wurin Musulmin gari. Isyaku kuwa ga alwala ga wuƙa mai kaifi, amma ko rumbu aka ce ya harba sai ya kuskure. Shi ne suka haɗa kai. Maiwada ya koyi harbin da ba ya kisa: ya karya ƙafa ko cinya, ya ƙwala kira, "Liman, kawo wuƙa!" Isyaku ya taho da gudu yana tuntuɓe da kututturen dawa, ya juya dabba gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Duk kaka, da an kwashe amfanin gona, haka suke shiga daji su biyu, gari ya ci nama.

Kaka uku ke nan ba su shiga ba. Tun da 'yan bindiga suka zauna a dajin yamma, ko itace mata ba sa zuwa yi bayan rafi. Da damina kuma ɓarin jikin Isyaku na hagu ya shanye. Yanzu ɗansa Lawal, wanda ke aiki a gidan gurzar auduga a Funtua, ya zo don ya tafi da iyayensa biyu, Isyaku da Lauratu. Gobe bayan azahar mota za ta tashi, don direban ya rantse la'asar ba za ta same shi a wannan hanya ba. Babu wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya san tafiyar ba ta da dawowa.

Kwana uku tsohon bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa. Lauratu ta dama kunu, ta yi farfesun kaza, ya kau da kai. Abu ɗaya ya ce yana marmari: romon gada.

Maiwada ya bi gida gida yana neman Musulmi ɗaya da zai bi shi da wuƙa. Magidanta masu gemu suka riƙa kallon ƙasa. Ya zo kan Lawal.

"Baba Maiwada, don Allah ka bar maganar nan," in ji Lawal. "Funtua akwai nama iri-iri. Kada ka je su kashe ka a banza."

"Akwai gada a Funtuwar taku?"

Maiwada ya ci gaba da maganarsa.

"To da rai zan kawo ta. Hannunsa na dama ai yana aiki. A nan bakin gadonsa zai yanka abinsa."

Gari na wayewa ya fita, bai ɗauki bindigar toka ba, don ƙararta kira ce ga mutanen da ba ya son gani. Baka, kibiya uku, goran ruwa da ƙullin toka a aljihu, shi ke nan.

Yana tsallake rafi zuciyarsa ta karye. Gonakin da ya sani da sunayen masu su duk sun koma saura. Ga dawar Manu nan tsaye tun bara, ba a yanka ba, tsuntsaye sun cinye ta, ta zube ta sake tsirowa da kanta. Bukkar gona ta rufta. Sabara da kalgo sun rufe hanyar da amalanke ke bi. Abin takaicin, dajin ya cika da nama. Shekara ashirin suna kukan maganin feshi da gatari sun kori komai, ga shi yau fakara na tashi daga ƙarƙashin ƙafarsa, zabin daji garke guda suna kiwo ba ko tsoro. Mutane sun gudu, dabbobi sun dawo, babu mai ci.

Ya nufi wata tsohuwar ɗinya da ke bakin kwazazzabo, don ya san gada ba ta wuce ɗinyar da ta zubo. Can kuwa ya ga sawu: ƙofato biyu ƙanana, masu tsini, bakinsu bai riga ya zube ba. Ya durƙusa da kyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ɗauki kashinta ya murje tsakanin yatsu, da laushi, da ɗan ɗumi. Ya ga inda ta gutsuri ganyen waken da ya fito da kansa, ruwan ganyen bai bushe ba. Sawun baya na dama yana ɗan karkata waje. Mace ce, babba, ba ta sauri.

Ya kwance ƙullin toka ya saki kaɗan. Iska na tafiya kudu. Sai ya bar sawun ya yi doguwar kewaya ta cikin geza, yana ajiye ƙafa a gefe-gefe don kada busasshen ganye ya tona shi. Dā Isyaku ne ke ɓata masa irin wannan lallaɓe, da tarinsa da carbinsa mai ƙara. Yau babu mai tari a bayansa, kuma wallahi shirun ya fi tarin ciwo.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin ya gan ta. Tana kwance a inuwar kalgo tana tuƙa, kunnuwanta na juyawa. Ya ja baka, kafaɗarsa ta yi masa tsawa. Ya sauke. Ya ja numfashi, ya sake ja, ya saki. Kibiyar ta shiga cinyar baya, daidai inda ya nufa. Gadar ta zabura ta faɗi, ta ƙwala kuka kamar na jariri.

"Lim…" Bakinsa ya riga hankalinsa. Ya haɗiye sauran.

Ya faɗa kanta, ya zare kibiyar, ya tauna ganyen sabara ya cusa a raunin. Ya ɓare ɓawon kalgo ya ɗaure ƙafafun bibbiyu, ya saɓa ta a wuya. Yana jin bugun zuciyarta a ƙeyarsa, da sauri da sauri. Ya duba rana. Idan ƙafa ta ba shi haɗin kai, zai isa kafin a kira azahar. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

Ya ci rabin hanya sai ya ga zabin nan sun tashi gaba ɗaya daga yamma. Zabi ba sa tashi haka don iska. Ya tsaya. Can ƙasa-ƙasa ya jiyo gurnanin babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ya gangara cikin kwazazzabo, ya cusa kansa ƙarƙashin saiwoyin wata bishiya da ruwa ya zaizaye, ya rungume gadar a ƙirji. Baburan suka iso, kuma maimakon su wuce, sai suka tsaya a gindin ɗinyar, a saman kansa. Ya ji an kashe inji. Ya ji dariya, da waƙa daga waya, da ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe. Warin taba ya sauko masa. Wani ya ce a jira sauran.

Nan gadar ta motsa, ta buɗe baki za ta yi kuka. Maiwada ya damƙe bakin da hancin da tafin hannunsa.

Ta yi ta shure-shure. Ya matse ta da gwiwa. Ya ce a ransa zai sassauta kaɗan, ta sha iska, amma duk lokacin da ya ɗaga yatsa sai wani siririn sauti ya nemi fita, sai ya ƙara danna hannun. Ƙasa ta zubo masa a ka daga takun wani da ya zo bakin ramin yana fitsari. Tsoro ya kama Maiwada, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban kura. Shi da ya ɗauka ya gama da son rai, ashe yana so.

Bai san tsawon lokacin da suka yi ba. Da ƙarar baburan ta nutse a arewa, ya buɗe hannunsa. Kan gadar ya langaɓe a kan damtsensa. Ya taɓa idonta, bai ƙifta ba. Ya hura mata iska a hanci kamar mahaukaci, ya girgiza ta, ya sa kunne a haƙarƙarinta. Shiru.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya juya ta gabas, ya zaro 'yar wuƙarsa, ya faɗi kalmomin nan da ya ji sau dubu a bakin Isyaku, ya yanka. Jinin bai yi tsartuwa ba. Ya ɗan gangaro baƙi, ya tsaya.

Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa. Zai ce ya gamu da wani Bafulatani mai kiwo, mai carbi a wuya, ya ga gadar za ta mutu, ya roƙe shi ya yanka. Ya ba mutumin suna, ya ba shi shanu bakwai da hular kaba. Kafin ya kai rafi har ya fara ganin fuskarsa.

Ya tarar an idar da azahar, mota na ƙofar gida, an ɗaure katifa da buhun masara a samanta. An riga an kwantar da Isyaku a kujerar baya, an tokare shi da matashi. Lauratu ta hango shi ta dafe ƙirji.

"Alhamdu lillahi! Sannu, Sarkin Baka, sannu. Lawal, nemo buhu, a can zan dafa masa da mun sauka."

Lawal ya zo karɓa. Ya dubi wuyan, ya dubi jinin da ya bushe a hannun rigar tsohon, ya gane. Ya matso kusa da kunnensa.

"Baba, ka ce wani Musulmi ka samu. Kwana huɗu ke nan bai ci komai ba. Alhakin a wuyana."

Maiwada ya ɗauki gadar ya kai ta bakin ƙofar motar. Isyaku ya miƙo hannunsa mai lafiya ya shafa gashin bayanta, a hankali, har zuwa wuya. Yatsunsa suka tsaya a kan yankan. Ya ɗago ido.

"Wa ya yanka?"

Bafulatanin na nan a kan harshen Maiwada, da shanunsa da hularsa. Shekara arba'in mutumin nan yana cin abin da ya miƙo masa ba tare da ya duba ba.

"Ni ne."

Lawal ya juya baya ya dafa motar.

"Ka juya ta gabas?" in ji Isyaku.

"Na juya."

"Me ka ce?"

"Abin da kake cewa."

Gefen bakin Isyaku mai motsi ya ɗan ɗaga, kamar zai yi dariya. "Tana motsi lokacin?"

"A'a. Ta riga ta tafi. Ni na toshe mata numfashi, Liman. Suna tsaye a kaina, na ji tsoro."

Isyaku ya daɗe yana kallonsa. Hawaye ya fito daga idonsa na hagu, wanda ba ya rufuwa, ya bi ta cikin gemu. Bai janye hannunsa daga kan gadar ba.

"Mai ƙiba ce," ya ce. "A cinya ka same ta?"

"A cinya."

"Hannunka na nan."

Direba ya danna ham, ya nuna rana. Isyaku ya lalubo wani abu a gefensa, naɗe cikin tsumma, ya tura wa Maiwada.

"Riƙe. Ba ni da abin yankawa a Funtua."

Lauratu ta zo shiga mota, ta tsaya kusa da shi tana gyara mayafi, ba ta dube shi ba.

"Tun asuba yake wasa ta," ta ce. "Ni na riƙe masa dutsen."

Motar ta tashi, ta bi ta gefen masallaci, ta sha kwana. Mutanen da suka fito sallama suka dubi gadar, suka dubi juna, kowa ya shige gidansa. Duk Tudun Geza babu tukunyar da naman nan zai shiga sai tasa, shi kuma ya san ba zai iya kai shi baki ba.

Ya zauna a dakalin ƙofar gidan da aka sa wa kwaɗo, gadar na gefensa, ƙudaje sun fara taruwa a wuyanta. Ya warware tsumman. Ya ɗora babban yatsansa a bakin wuƙar, bai ko danna ba, jini ya fito.