Tafintan Masu Bututu

Malam Rufa'i ya matso da abin magana kusa da bakinsa, yana jiran matar ta kai aya. Turancinta santsi gare shi, irin na manyan otal-otal ɗin Abuja, kuma idan tana yi ba ta kallon kowa sai mai ɗaukar hoto.

"Hajiya ta ce kamfaninsu bai ɗauki kare muhalli da wasa ba," in ji shi. "Ta ce kafin a binne bututun gas a ƙasarku sai da masana suka tantance tasirin aikin a kan muhalli. Ta ce ku ne masu ruwa da tsaki."

Aka tafa. Rufa'i ya dubi masu tafin, manoman wannan ƙauye da ke gefen Fakuwa, sun jeru a kan tabarmi cikin rana, manyan baƙi kuwa na cikin rumfa. Da za a ce musu Hajiya ta ce gobe za a kwashe rumbunansu, haka za su tafa, muddin da Turanci aka fara faɗa.

Shi malamin Turanci ne a wata sakandare a Kankiya. Wani abokinsa a ƙaramar hukuma ne ya ba da sunansa da kamfanin ya nemi tafinta, ya kuwa karɓa da murna, don an ce idan ya yi kyau za su riƙa nemansa. Jiya wuni ya yi yana neman wa kalmominsu Hausa. Ci gaba mai ɗorewa. Haƙƙin al'umma a kan kamfani. Rage illa. Duk ya samo musu riguna masu kyau, sai dai ko wacce ya ɗaga ya leƙa, ba ya ganin kowa a ciki.

Abin da bai faɗa wa kamfanin ba shi ne, nan ne garin mahaifiyarsa. Ya san abin da ke bayan ƙaton kyallen da aka kafa a bayan rumfa, mai hoton koren ganye da yara suna dariya. Da masu aikin suka binne bututu suka tafi, sun bar tudun jar ƙasa miƙe kamar ganuwa. Ruwan damina ya zo ya rasa hanyarsa ta da, ya fasa sabuwa ta tsakiyar gonaki. Yanzu kwazazzabo ne a wurin, mutum zai tsaya a ciki ba a hango hularsa ba.

Hajiya Amatullah, shugabar sashen muhalli da hulɗa da jama'a, ta ci gaba. Rufa'i ya bi ta.

"Ta ce sun san an ɗan samu takura ta wucin gadi. Ta ce an mayar da ƙasa yadda aka same ta. Yau kuma sun zo sauke nauyin da ke kansu, sun kawo muku famfo da itatuwa."

Aka tashi aka nufi famfon. Hajiya ta murɗa, ruwa ya zubo, aka yi kabbara. Da safe Rufa'i ya ga motar tanka tana cika tankin famfon ta baya, bai ga injin da zai jawo ruwa daga ƙasa ba. Daga nan aka koma wajen dashe. An jera 'yan itatuwan darbejiya cikin baƙar leda. Hajiya ta sa safar hannu, ta durƙusa, ta riƙe ɗaya a bakin rami har mai hoto ya ce ya yi. Kansila ma ya riƙe, mai unguwa ya riƙe, kowa yana washe baki kamar an ba shi sarauta.

Da aka dawo rumfa, Abdullatif, wani matashin ma'aikacin kamfanin mai waya biyu a hannu, ya ce za a ba mutum ɗaya dama ya yi godiya a madadin al'umma. Kafin mai unguwa ya gama gyara malum-malum, wani dattijo ya miƙe daga kan tabarma. Rufa'i ya gane shi nan take. Kawunsa ne, Ɗalha, ƙanen mahaifiyarsa Kubura, wanda kwazazzabon ya raba wa gona biyu.

Kawu Ɗalha bai karɓi abin magana ba. Bai kuma dubi Rufa'i ba, Hajiya ya kafa wa ido.

"An ce mu ne masu ruwa da tsaki. To ruwan dai mun gan shi, ya bi ta cikin gerona ya wuce. Tsakin ne har yau ko kaji ba su gani ba."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"An ce wucin gadi. Ni dai wucin gadin da na sani, baƙo ne ya kwana ya wuce. Wanga kuwa kullum aka yi ruwa sai ya ƙara faɗi. Saura taki kaɗan ya kai maƙabarta. Iyayenmu na nan kwance. In ya tone su, mi za ku kira shi da Turanci? Ba mu roƙi famfo ba. A zo a fasa tudun nan, a ba ruwa hanyarshi. Wanda ya san darajar kabarin ubanshi ya san abin da nike faɗi."

Ya zauna. Wannan karon ba wanda ya tafa.

Abdullatif ya matso ya raɗa wa Rufa'i, "Malam, a taƙaice kawai. Ka ce sun gode, suna kuma fatan a ƙara."

Rufa'i ya dube shi tun daga gashin da ya sha mai har zuwa takalmin da bai taɓa taka kunyar gona ba. Ya tuna da aikin da aka ce za a riƙa ba shi. Ya tuna kakarsa tana cikin waccan maƙabarta. Sai ya juya ga Hajiya ya fassara duka, da Turancin da ya fi kowane tsabta a bakinsa, bai bar ko kajin ba. A ransa ya ce, yau dai an samu mutum ɗaya a wannan fili da ya san ciwon kansa.

Hajiya ta saurara tana gyaɗa kai. Ta yi murmushi, ta ce wannan shi ne amfanin tuntuɓar al'umma, kuma kamfanin yana da tsarin sauraron koke-koke. Rufa'i ya mayar da wannan ma cikin Hausa. Aka yi addu'a, aka fara rabon shinkafa a robobi.

Yana tsaye a gefe ya ga leburori suna kwashe itatuwan nan suna mayarwa cikin a-kori-kura, har da wanda Hajiya ta riƙe. Ya tambayi direban ina za a kai su.

"Kafinsoli. Can ma akwai taro da la'asar."

Rufa'i ya nufi jif ɗin Hajiya. Tana zaune a baya, ƙofa a buɗe, tana goge hannu da tsumma. Ya fara da Turanci, yana cewa maganar maƙabartar nan ba ta wasa ba ce.

"Malam, bar wahal da kanka," ta ce da Hausa. "Na ji shi tun kafin ka buɗe baki."

Hausa ce tsantsa, ta Katsina, ba gargada ko ɗaya.

"Ni 'yar Kusada ce. Can aka yanke mani cibiya."

"To, Hajiya, mi ya sa kuka ɗauko tafinta?"

Ta dube shi kamar ɗalibin da ya yi tambayar da aka riga aka amsa.

"In na ce masu da bakina za a gyara, alkawari na yi, har gidanmu za su bi ni. In na faɗa da Turanci kai ka juya, bayani aka yi. Kuma kai suke gani kullum a Kankiya, ba ni ba." Ta jefa tsumman a gefe. "Amma ka iya aiki. Yadda ka yi maganar tsohon nan da zafi, ya fito da kyau a bidiyo. Masu ba mu bashi daga waje suna son su ga ana barin jama'a su faɗi ra'ayinsu. Shiga gaba, kada mu makara."

Rufa'i bai shiga ba. Abdullatif ya kira shi sau biyu, sannan ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ba a rasa mai jin Turanci a Kafinsoli. Motocin suka tashi, a-kori-kurar na biye, 'yan itatuwan suna rangaji a baya.

Ya sami Kawu Ɗalha a bakin kwazazzabo, an riga an naɗe kyallen. Dattijon na tsugune yana duban inda gefen ya tsage, saiwoyin gero a waje suna lilo.

"Kawu, ashe matar nan tana jin Hausa. 'Yar Kusada ce. Yaudararku ta yi."

Kawu Ɗalha bai ɗago ba.

"Ɗiyar marigayi Alhaji Bubayero mai goro? Wa bai san ta ba? Da ni aka kai ubanta makwancinshi."

"Kun sani? Duk kun sani kuka zauna kuna tafi?"

"To mi za mu yi? Ita mun san abin da ya kawo ta." Ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe rigarsa. "Kai ne dai ba mu gane ba. Muka ce bari mu ga ɗan Kubura, da bakin wa zai yi magana."



Dattijon ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

"Akwai buhunan taki da babu komai ciki a zaure. Za mu cika su da ƙasa mu tare ta wajen maƙabarta. In kana zuwa, cire wannan babbar rigar."