Tayoyin Mudassir da Tudun Bakin Lungu

Ni dai tun ranar da Mudassir ya sayo jar motar nan raina bai kwanta da ita ba. Ƙanena ne ciki ɗaya, ni na goya shi, don haka kar wani ya ce mani hassada ce. Mota ce 'yar ƙasa-ƙasa mai ƙofa biyu, irin ta gudu, in ya taka ta sai ka rantse jirgi ne zai tashi. Da ita yake zuwa wasan mota da abokansa ranar Lahadi can bayan gari, su yi ta juyi suna ƙona taya kamar marasa iyaye.

Babanmu, Malam Lado, a waya kaɗai ya taɓa ganinta. Shi kuwa mota ce rayuwarsa. Tirela ya ja tun yana saurayi, Katsina zuwa Legas, har ranar da hawan jini ya kada shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Yanzu in yana magana yawu na zuba, ni ke bin shi da tsumma, don tun da aurena ya mutu na dawo gida Ƙofar 'Yandaka. Buri ɗaya ya rage wa tsohon nan. Yana so ɗansa ya shigo lungunmu da motar, ya tsaya a ƙofar gida, ya ɗauke shi zuwa masallacin Juma'a mutanen unguwa suna kallo. Shi ke nan fa. Ba Makka ya ce a kai shi ba.

Amma Mudassir bai rasa dalili. Tun da ya auri Sumayya ɗiyar manya ya koma GRA, gaisuwarsa ta zama ta tsaye, daga zaure, yana wani toshe hanci da hankici wai mura. Motar kuma kullum a titi yake barinta, wai saboda tudun bakin lungu. Tudun siminti ne da maƙwabta suka haɗu suka yi don kar ruwan titi ya riƙa kwararo mana da damina. In ji shi, gaban motar zai daki tudun.

Sai ga labari wai tayoyin sun suɗe, zai canza duka huɗu. Wayyo, ka ga Baba ranar! Ya tashi zaune ya fara lacca, rabin maganar ni kaɗai ke ganewa. Ya ce taya ita ce ƙafar mota, in aka sa mai kaurin gefe motar za ta ɗan ɗaga, ta hau tudun lafiya lau. Ya ba ni sandarsa ya ce in je in auno tsawon tudun. Na dawo da ɗan yatsana a daidai inda tudun ya kai, na riƙe mashi sandar, ya sa wuƙa da hannun hagu ya yi tsaga. Ya ce in kai wa Mudassir shagon tayoyi, kar a cuce shi, yaro ne bai san taya ba. Yinin ranar ko bayi bai iya zuwa ba, don sandar tana hannuna.

Shagon wani Salihu ne, kusa da Babbar Kasuwa. Na tarar an ɗaga motar a jak, Mudassir na tsaye da baƙin tabarau. Na faɗa mashi saƙon Baba, na miƙa mashi sandar. Ya karɓa yana murmushi, har na ji daɗi, ni wawuya.

Salihu ya mirgino iri biyu. Ta farko mai kaurin gefe ce, zanenta da zurfi, ya ce tana shanye gargada, tana riƙe titi ko da ruwa, ita ta dace da hanyoyin cikin gari. Ta biyun fankekiya ce, faɗi kamar faranti, gefenta kuwa siriri kamar an shafa kwalta a jikin ƙarfe. Ya ce robarta laushi gare ta, tana manne wa kwalta a kwana, amma ba ta son rami ko tudu, kuma motar za ta ƙara kwantawa ƙasa. Mudassir ya ce a gwada kowace.

Aka ɗaura masu kaurin a gaba, aka sauke jak. Ya tsuguna ya tsayar da sandar Baba a jikin bamba. Bambar ta wuce tsagar da kamar yatsu biyu. Na ce alhamdu lillahi. Bai kula ni ba, ya ce a cire a sa ɗaya irin. Aka sa, aka sauke. Ya sake tsayar da sandar. Wannan karon tsagar ce a sama, bambar a ƙasa. Ya daɗe yana dubawa, har da karkata kai don ya tabbatar.

"Wannan," in ji shi. "Sa mani huɗu."

Na ce mashi ai wannan ba za ta hau tudun ba, ko bai gani ba ne.

"Na gani, Yaya Ma'u." Ya miƙo mani sandar, ya rage murya. "Kujerun nan farar fata ce. Kin fi kowa sanin yadda yake yanzu. Mutane ke shiga motar nan."

Wallahi saura kaɗan in sauke mashi sandar a tsakar ka. Mutumin da ya yi ta kwana a hanya yana cin garin rogo don wannan ɗan banzan ya yi boko, shi ne yau ba ya cikin mutane. Na zage shi tas a gaban masu shago. Ya sa tabarau ɗinsa ya juya yana tambayar Salihu yawan iskar da za a ba tayar.

Da na koma gida na ajiye sandar a gefen gado. Na ce wa Baba tayar gudu Mudassir ya zaɓa, siririya, ba za ta hau ba. Na buɗe baki zan ƙarasa sauran, ya ɗaga mani hannu. Ya ce motar gudu dama haka take so, shi ne bai yi tunani ba. In mota ba ta iya hawa tudu, ai sai a sauke tudu.

Ya aika aka kira Malam Sani maƙwabcinmu, wanda shi ya jagoranci ginin tudun. Malam Sani ya ce damina ta kusa, ruwa zai shigo wa mutane ɗaki. Baba ya yi ta roƙo, yawu na zuba a gaban rigarsa, har kunya ta kama mutumin ya ce to. Aka kawo diga da guduma aka farfasa, aka kwashe ɓaraguzai, ni da kaina na share lungun tun daga titi har ƙofar gida, ina shara ina tsine wa ƙanena a zuci. Baba ya sa na kira mashi Mudassir, ya ce hanya ta zama shimfiɗa, Juma'a yana jira.

Ranar Juma'a tun hantsi ya sa na yi mashi wanka. Ya sa farar shaddarsa ta Sallah, na gyara mashi hula, na fesa turare, ya ce in ƙara. Ya ce in ba shi tsumma biyu ya riƙe, kar ya ɓata wa yaro kujera. Muka ji rurin motar ta taho, ta tsaya a bakin lungu. Shiru ba ta shigo ba. Sai waya: wai akwai tsinin siminti a wurin da aka fasa, zai yanka mashi sabuwar taya.

Baba ya ce a kai shi. Ni a dama, Malam Sani a hagu, ƙafarsa na jan ƙasa, muka bi lungun nan mai tsawo, masu tafiya masallaci suna matsa mana. Kafin mu isa titi shaddar ta jiƙe da gumi.

Mudassir bai fito ba. Gilashi ya sauke, ya gaida Baba da ina wuni da ya jiki da ya ƙarfin jiki, gaisuwa har da rusunar da kai. Sannan ya ce matsalar ita ce tayoyin nan sun cika gidansu, in aka ƙara nauyin mutum ɗaya za su riƙa gogar jikin mota. Nauyin Baba fa, wanda nake ɗagawa ni kaɗai in canza mashi zanin gado.

Baba ya ce mu sunkuyar da shi. Ya miƙa hannun hagu ya shafa tayar, sannan ya zura yatsunsa tsakaninta da jikin motar. Suka shige duka, har da sarari. Ya zaro hannun ya tsaya yana kallonsa. Jama'a sun taru.

"Gaskiyar yaron ne," ya ce, yana ƙoƙarin ɗaga murya don kowa ya ji. "Babu wuri. Taya ce mai kyau. Ya iya zaɓe."

Mudassir ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗaga gilashi, ya ja da ƙarfi har tayoyin suka yi ƙara. Baba bai je masallaci ba ranar. Muka juya da shi, tsummokaransa biyu na nan a hannu bai taɓa ko ɗaya ba. Da muka zo daidai inda aka fasa, ya dogara sandar ya tsaya.

"Malam Sani, a mayar da tudun nan. A ƙara mashi tsawo."

Malam Sani ya sunkuyar da kai ya ce saboda ruwa ko. Baba ya ce eh, saboda ruwa.

An mayar, ya fi na da. Yanzu duk wanda ya zo dubiya ya tambayi ina Mudassir da motarsa, tun kafin in buɗe baki Baba zai ɗaga sandar nan mai tsaga ya nuna bakin lungu, ya ce yaron yana so ya shigo, tudu ne ya hana shi.