Lafiyayyen Gidanmu

A gidanmu Hilarión ne mara lafiya, Nicanor ne lafiyayye. Haka Mama ta raba su tun suna yara, kuma babu wanda ya taɓa neman a sake rabon. Ni Lindaura, babbarsu, ba a sa ni a ko ɗaya ba. Nawa aikin ɗinki ne da faɗa.

Mu ukun ɗaki ɗaya muka tashi a ƙauye, ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa, kaji na kwana a ƙarƙashin gadonmu. Vinchuca kuwa ta fi mu yawa a ɗakin. Ƙwaron nan ne mai kama da ƙaton kuɗin cizo, ya wuni a tsagar bango, in an yi barci ya sauko ya sha jini a fuska. Da safe a tashi da ido a kumbure, Mama ta shafa mana kitse ta kora mu kiwon awaki. Hilarión in ya kumbura sai ya kwanta yana kuka har a dafa masa ƙwai. Nicanor kuwa da ido ɗaya yake fita, ya dawo da itace a ka, wani lokaci har da Hilarión ɗin a baya.

Da muka dawo birnin Tarija da zama, Hilarión ya buɗe shagon gyaran rediyo, aikin zaune a inuwa. Nicanor ya shiga dako a kasuwa. Buhun dankali, akwatin inabi, rabin saniya, duk abin da aka ɗora masa ɗauka yake yi yana fito. Bai yi aure ba, kullum sai ya ce bari dai a ga yadda jikin Hilarión zai yi.

Hilarión ya haura arba'in da kaɗan ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa. A asibiti wata likita doguwa, mai magana kamar ana jiranta a wani wuri, ta tara mu ta dunƙule hannu tana matsewa tana saki. Ta ce zuciya ke nan, tsoka ce, ta matse ta tura jini, ta saki ta cika, kuma akwai wata 'yar wayar wuta a cikinta da ke gaya mata lokacin matsewa. Ta ce ƙwayar cutar da vinchuca ke bari a jiki, wato Chagas, ba ta gaggawa. Sai ta yi shekara ashirin, talatin, tana cin tsokar da wayar a hankali, mai ita na yawonsa yana cika baki. A wani tsokar ce ke saki, zuciya ta yi girma ta yi laƙwas kamar tsohuwar safa. A wani wayar ce ke tsinkewa. Ta Hilarión waya ce, don haka za a tsaga ƙirjinsa a sa masa batir da zai riƙa ba zuciyar umarni. Sannan ta tambaya su wa da wa suka kwana a ɗakin nan na ƙauye, ta ce kowa ya zo a auna jininsa.

Ni na je. An sami ƙwayar a jinina, amma zuciyar tana nan daram, aka ce in riƙa zuwa duk shekara. Mama ta ce a shekarunta babu abin da za a gano mata wanda ba ta riga ta sani ba. Nicanor dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Ni za a auna, Yaya? Ni da nake ɗaukar buhu biyu ina gaisawa da mutane? In suna neman mai ɗauke musu asibitin ya kai wani wuri, to su aiko."

Kafin a shiga da Hilarión ɗakin tiyata, Mama ta hau tudu ta je cocin San Roque ta yi bakance: in ɗanta ya fito da rai, zai yi wa waliyyi rawar chuncho shekara goma. Ba ta tambaye shi ba. Mama gwana ce wajen yin alkawari da ƙafar wani.

Ya fito da rai, bikin waliyyin kuma ya matso. Likita ta hana, ta ce ɗinkin bai warke ba, ba zai iya wunin rana yana tafiya yana duƙawa ba. Mama ta shiga tashin hankali, domin San Roque ba a yi masa alkawari a saɓa. Sai ta tsaya tana kallon kayan chuncho da na riga na ɗinka: doguwar hular gashin tsuntsu, 'yar rigar kafaɗa, siket, da lulluɓin da ke rufe fuska ruf har ƙirji. Ta dubi Nicanor. Tsayinsu ɗaya da ɗan'uwansa.

Na ce mata waliyyi fa ba makaho ba ne. Ta ce ai ba zai sauko daga kafaɗar masu ɗauke da mutum-mutuminsa don ya ɗaga lulluɓin kowa ba, kuma ƙafa dai ta gida ce, jini ɗaya ne. Nicanor bai bari ta ƙarasa ba ya ce zai yi. Yana son Hilarión, so na gaske, irin wanda ba ya tsayawa tambaya. Na sha jin haushin wannan son, na kuma sha yin kuka saboda shi.

Haka aka yi. Sunan Hilarión aka bayar cikin masu bakance, Nicanor ya sa kaya ya shiga layi. Duk ranar da za a fito da waliyyi zagayen gari, sai a rufe Hilarión a ɗakin baya da romon kaza, a ja labule. Nicanor kuwa ya wuni a rana cikin ɗaruruwan masu rufaffiyar fuska, taku biyu, a duƙa, a juya, ana kaɗa ɗan katakon hannu ƙas-ƙas bisa kiɗan ganga, daga wannan coci zuwa wancan. Da yamma ya shigo ta ƙofar baya ya tuɓe, Hilarión ya fita ta ƙofar gaba yana ɗingishi, maƙwabta na yi masa sannu da ƙoƙari.

Ɗinkin ƙirjin ya warke tun kafin damina, amma hanin likita bai warke ba a gidanmu. Mama ta ɗauke shi ta shimfiɗa a kan komai. Ba a barin Hilarión ya ɗaga bokiti, ba a gaya masa mutuwar kowa sai bayan ya ci abinci, ba a yi masa musu. Tsokar nama tasa ce, ƙashi na lafiyayye. Ba mu sake tambayar likita batun rawa ba, shi kuma bai ga dalilin tayar da maganar ba.

A unguwa kuwa ya zama abin nuni. Mutumin da aka tsaga wa ƙirji, ga shi yana rawa kamar ɗan shekara ashirin. Tsofaffi mata suka riƙa zuwa shago suna taɓa wurin batirin suna shafawa a goshi. Tun yana sunkuyar da kai har ya fara ba da labarin yadda ƙarfi ke sauko masa in ya hango waliyyi. Har gyara wa matasa taku yake yi daga kan kujera. Nicanor in ya ji sai ya yi murmushi ya ce ai gaskiya ne, Hilarión ya iya rawa.

A shekara ta huɗu Nicanor ya kawo mini kayan in buɗa ƙugun, wai sun matse shi. Tela ba a yi mata ƙarya da jiki. Fuskarsa ta rame, cikin ne kawai ya fito. Na sa ya tuɓe takalmi, na danna yatsa a idon sawunsa, ramin ya zauna bai taso ba. Kuma na ji shi da kunnena lokacin da yake hawo matakalar ɗakina, ya tsaya a tsakiya yana yi kamar yana ɗaure igiyar takalmi.

"Gobe za mu asibiti," na ce.

"Ƙiba ce, Yaya. Girkinki ne."

"Ƙiba ce ke hana ka kwanciya sai da matashi uku? Mama ta ce a zaune kake barci."

"In suka auna ni za su sami wani abu, ai aikinsu ke nan. Su ce kada in yi rawa. To wa zai yi?"

"Mai bakancen."

Ya dube ni kamar na ce a jefa jariri a kogi. Ya ce in bari a rufe biki, ya yi mini alkawari da kansa zai je, har ya riƙe mini jaka a hanya.

Na je wurin Mama. Ta ce mara lafiya ɗaya ya ishe ta, kada in ja mata na biyu da baƙin bakina, yaron da ko mura ba ya yi. Na je wurin Hilarión na ce ya sa kayansa ya yi rawarsa, ko kuwa mu je mu gaya wa fadan coci gaskiya a sauke bakancen. Ya kai hannu ƙirji, wurin da ya saba kaiwa in magana ba ta yi masa daɗi ba, ya tambaye ni ko so nake in kashe shi. Ba mugu ba ne Hilarión. An gaya masa zai mutu, tun daga ranar tsoro ya shige shi, mu kuma muka yi ta yi wa tsoron hidima.

Ranar rufe biki rana ta buɗe sosai. Ni da Mama muna bin gefen layi da gorar ruwa, na gane Nicanor da ɗinkina. An fara hawan tudun coci, ganga na tashi, dogayen ƙahonin kara na kuka a sama. Sai na ga ya fita daga layi a hankali, ya zauna a bakin titi kamar mai son cire tsakuwa daga takalmi. Ya jingina da bango, katakon ya faɗi daga hannunsa.

Wata maƙwabciyarmu ce ta fara ihu, tana cewa Hilarión ya faɗi, zuciyar Hilarión ta tsaya. Sunan ya bi layi baki zuwa baki. Mama, wadda da hannunta ta rufe Hilarión a ɗaki da safen nan, ta yar da gorar ta ruga tana kiran sunansa tana dukan ƙirji. Shekara huɗu tana faɗin ƙaryar nan har ta zauna mata. Na riga ta isa, na ɗaga lulluɓin. Leɓunansa sun yi shuɗi, idonsa a buɗe.

Mama ta tsaya a kansa tana haki. "Nicanor ne," ta ce, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Ba ta daɗe ba, ajiyar. Nan take abin ya iso mata, ta zube a kansa tana kururuwar da ban taɓa jin irinta ba. Amma na ji ta farkon, ita ma ta san na ji. Har yau ba mu taɓa maganar ba.

Likitar nan doguwa ce ta fito mana a asibiti, ta tabbatar mana ya rasu. Ta ce zuciyarsa ta kusa cika rabin ƙirjin, ta yi shekaru tana saki, kuma da ya zo tun lokacin da ta ce a zo, akwai magungunan da za su ja masa kwana. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Ta juya ta ga Hilarión, wanda aka ɗauko daga ɗakin baya da tabon romo a riga, ta tambayi yadda aka yi ɗan'uwansa ke rawa da sunansa. Ya ce ai ita ta hana shi. Ta ce waccan shekarar ta hana, saboda ɗinki. Batirinsa lafiya lau yake, tafiya ma magani ce gare shi, in ya gaji ya huta ya sha ruwa.

Unguwa ta yi surutunta ta gaji. Masu shafa ƙirji suka daina zuwa shago. Wasu suka ce waliyyi ne ya yi fushi da yaudara, ni kuma na ce in haka ne to bai iya saiti ba.

Da shekara ta zagayo Hilarión ya zo ɗakina ya ce in mayar da ƙugun kayan chuncho yadda yake a da. Mama ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta kwanta a bakin ƙofa, ya tsallake ta. Bai iya takun ba, duk gyaran da ya yi ta yi wa mutane. Amma ya yi rawar, kowace fita, bai tsallake ko ɗaya ba. Ranar rufewa ya ƙi shan ruwa, ya ƙi hutawa, yana duƙawa fiye da kowa, yana buga ƙafa kamar mai jin haushin ƙasa. Na san abin da yake nema a tudun nan, na bi shi a gefe. Ya wuce bangon da Nicanor ya jingina bai ko rage sauri ba, ya kai har ƙofar coci.

A kan matakala na same shi zaune, ya ɗage lulluɓin, gumi da hawaye sun haɗe masa. Ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Tana bugawa daidai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda.

"Ji, Yaya," ya ce. "Ko gajiya ba ta yi ba."