Tayoyi Goma Sha Takwas

"Saura tayoyi," in ji Aku, tana tsugune gaban kwalin da suka yanke, gam ya bushe mata a yatsu. "Baba, motarka taya nawa gare ta?"

"Goma sha takwas."

Direba ya faɗi haka yana ɗan ɗaga kafaɗa, don tirelar da yake ja ita ce abin tinƙahonsa a duniya. Sau biyu a wata yake kwana a gida. Wannan zuwan sai ya tarar da aikin makaranta yana jiransa: malama ta ce kowane yaro ya zauna da iyayensa su ƙera wani abu da tarkacen gida, a kai ranar Litinin. 'Yarsa mai shekara shida ta kafe, ita motar Babanta za ta yi ko a fasa. Shi ya laƙaba mata Aku, saboda tun da ta fara magana bakinta bai san hutu ba.

Tun hantsi suke baranda. Kwalin sabulu ya zama bodi, gidan ashana biyu suka zama kan mota, aka soka tsinkayen tsintsiya ta ƙasa don su riƙe tayoyi. Ƙaton mutumin da ke murɗa sitiyari da hannu ɗaya, ga shi almakashin yara ya maƙale masa a babban yatsa, Aku tana ta ƙyaƙyata masa dariya. Ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba.

"To ina za mu samu murfin kwalba har goma sha takwas? Mu yi mai shida kawai," ya ce.

"Ina da su!"

Ta ruga kicin, ya ji ƙarar tukwane, sai ga ta da baƙar leda. Ta zazzage a kan siminti. Murafe suka watse, jajaye, girmansu ɗaya kamar an auna.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya san murfin nan. A kowace tasha yana taka irinsa a bayan motocin da aka faka, inda samari ke jingine da bango, ido a lumshe, yawu na dalala. Murfin maganin tarin nan ne da ake sha ba don tari ba. Ya fara ƙirgawa da yatsa, da ya kai arba'in ya daina.

"A ina kika tsinto waɗannan?"

"Ba tsintowa na yi ba, na Mama ne. Kwalaben suna cikin babbar tukunyar da ba a girki da ita." Ta ɗauki ƙusa ta miƙa masa ya huda mata ɗaya. "Ni ma nake wanke su. In ya rage kaɗan a ƙasa sai in zuba ruwa in girgiza in shanye. Zaƙi gare shi, Baba. Sai ka ji kamar kana kan lilo."

Ƙusar ta faɗi daga hannunsa.

"Ƙanina ma in kukansa ya yi yawa, Mama tana ɗiga masa a baki. Nan da nan ya yi shiru."

Ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗaki. Rana ta take, matarsa ba ta fito ba tukuna, jaririn ma tun safe bai ce uffan ba. Wata nawa yana kiran wannan barci gajiyar raino? In ya buga mata waya ya ji muryarta tana ja, sai ya ɗora laifin a kan layin waya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da birki ya tsinke masa a gangara.

* * *

Sai da ya fara sa yatsa a hancin jaririn, ya ji ɗumin numfashi, sannan ya girgiza uwar. Ta buɗe ido da ƙyar. Ya ajiye jan murfi ɗaya a kan filo kusa da fuskarta.

Ya zaci za ta yi musu. Ba ta yi ba. Ta tashi zaune tana kallon murfin.

"Me na rage ki da shi?" ya ce, yana danne murya don kada maƙwabta su ji. "Ci ko sutura?"

"Ba ka rage ni da komai ba, Baban Aku. Ka kawo ni unguwar da ban san kowa ba, ka ce ko ƙofa kada in leƙa, ka tafi. Kwana goma sha uku ina hira da bango. Da na haihu barci ya ƙaurace mini, matar mai shago ta ce ga abin da zai taimake ni. Cokali ɗaya na fara." Ta share hanci da gefen zani. "Yanzu in ban sha ba, ƙasusuwana kamar ana sara. Na gwada bari, wallahi na gwada."

"Kin san yarinyar nan tana lashe ragowar?"

Ta toshe baki da hannu biyu. Kukan da ya zo mata ba shi da sauti. Da ta samu numfashi sai ta kama gefen rigarsa.

"Ka kai ni asibiti. Yau ɗin nan. In ba za ka iya ba, ka kira Yayata ta zo ta ɗauki yaran."

A nan ne Direba ya tsaya cak. Ya hango kansa a layin asibiti ana tambayarsa me ke damun matarsa. Ya hango 'yan tasha suna nuna shi da baki. Yayarta kuwa, maganar da ta shiga kunnenta da safe, kafin azahar dangi kaf sun ji. Ga kaya an riga an loda, gobe da safe zai kama hanya.

"Asibiti? Ki tona mana asiri da hannunki?" Ya janye rigarsa. "Abin da ya faru a ɗakin nan, a nan zai tsaya."

Ya shiga kicin ya kife tukunyar. Kwalabe uku ya samu cike, ya tsiyaye su a magudana, ya kwashe fankon ya ɗaure a buhu. Ya dawo ya sa ta rantse, ta rantse. Ya gaya wa kansa ya gama da matsalar, kamar yadda yake ɗaure tiyon mota mai yoyo da roba ya ce ya kai shi gari na gaba.

* * *

Da la'asar ya ɗauko ragowar baƙin fentin da yake shafa wa bambar motarsa. Malama fa tana da ido, kuma ba a san wanda zai gane murfin ba.

"Baba, ja ya fi kyau."

"Kin taɓa ganin jar taya? Miƙo nan."

Ɗaya bayan ɗaya ya shafe su, goma sha takwas cif, ya jera a rana. Aku ta zauna tana kallo. Ba ta tambaye shi komai ba, ba ta ba shi labarin kowa ba, hamma kawai take yi. Shirun nan nata ya fi komai ci masa rai, amma bai ajiye burushin ba.

Washegari ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da matar mai shago, hannunta ɗaya cikin mayafi, ta ce ta zo duba mai jego ne. Ta rusuna ta yi masa fatan sauka lafiya. Ya dubi hannun da ke ɓoye, ya dubi agogonsa, ya ce amin.

Aku ta biyo shi cikin kayan makaranta, tana jan motar da zare.

"Baba, in ka dawo jirgin ƙasa za mu yi," ta ce a hankali. "Tayoyinsa sun fi yawa. Zan tara maka."

Ya gyara jakar a kafaɗarsa. Ta juya ta ja motarta. Fentin bai kama robar sosai ba, tayoyin suna barin baƙin layi a kan siminti, tun kafin ta kai ƙofa jan ya fara leƙowa.