Rabin Gwilym

Tun da aka daina lodin kwal a tashar jiragen ruwan Cardiff, Idwal Probert ya rantse ba zai sake taka bakin ruwan ba. Ya riƙe rantsuwarsa har yayansa Gwilym ya mutu ya bar wasiyya: a ƙone shi, a zuba tokar gaban jan gini mai agogo da ke bakin tashar, lokacin da teku ke janyewa, ta tafi da shi.

Sai ga Idwal da baƙar kwat, tulun toka a hammata. Menna, matar marigayin, tana biye tana cin soyayyen dankali.

"Dubi," in ji shi. "Inda maza suka karya ƙugu, nan ake sayar da kofi mai kumfar madara."

"Yi abin da ya kawo ka, tsoho, ƙafata na ciwo."

Ya dubi agogon, ya ce lokaci ya yi. Ya cire hula, ya karkata tulun. Toka ta bazu bisa ruwa, ta yi zamanta. Wata agwagwa ta ratsa ta tsakiyar Gwilym ba ko sallama.

Idwal ya tsaya cak, rabin tokar na cikin tulu.

"Menna, ruwan nan ba ya tafiya."

"Ya je ina? An datse shi tun tuni, tafki ne yanzu. Har da kai a zanga-zangar hana ginin madatsar."

"To ai hanawa na yi!"

"Su kuma suka gina."

"Shi ne kika zuba mini ido?"

"Ni wa? Ba ku ne 'yan teku ba? Tun ina amarya kuke cewa in rufe baki in ana zancen ruwa."

Ya toshe tulun, suka bi gefen ruwan, suka wuce farin cocin da matuƙan jiragen ruwan Norway suka bari, har kan madatsar. A ɗaya ɓangaren teku na nan yadda ya san ta, ja-ja, tana warin laka, tana janyewa da gaske. Ya juye sauran. Nan da nan ta kwashe.

"Na ɓata masa wasiyya," in ji Idwal, murya ƙasa-ƙasa.

Menna ta waiwaya ta dubi tafkin, ta gyara gyalenta.

"Ka gyara dai. Rabi ya tafi yawo, rabi na gida. Da ransa ko rabin ban taɓa samu ba."