Ruwan Bazara a Kan Rufin Baba Isufu

Abdulmumini ya ja da baya, ya kai wa bangon zauren hauri. Bango bai ce komai ba. Ya tsuguna ya leƙa gindinsa, ya miƙe ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa da makullin mota.

"Ɗana, bango ne fa, ba taya ba," in ji Baba Isufu mai gidan, tsohon malamin makaranta da ke shirin komawa Doso wurin 'ya'yansa.

Shekara goma sha takwas Abdulmumini ya yi yana sayo tsofaffin motoci a Kwatano, ya tsallako da su gadar Malanbil ya sayar a Gaya. Sana'ar ta bar masa aƙida guda: ba ya sayen abu sai ya gano ciwonsa. Motar da ke hayaƙi ka san da wa kake tafiya. Wadda ke lafiya ƙalau a gaban mai saye kuwa, ita ce za ta zube da kai a tsakiyar daji. Gida shida ya duba bana. Uku kogi na shigarsu da damina, ya ce ciwon ya yi yawa. Uku bai ga aibinsu ba, ya ce munafukai ne.

Matarsa Habsatu na tsaye a gindin mangwaron tsakar gida, ta harɗe hannu. Ɗaki ɗaya suke haya a bayan tasha, su da 'ya'ya huɗu da tarin batura. Da safe ta gaya masa, in ya bar gidan nan na bakwai, garin Yalu za ta wuce gidan iyayenta ta yi noman damina, shi ya zauna da baturansa. Har ta ɗaure kaya. Tsoro yake ji ƙwarai, don Habsatu ba ta faɗin magana sau biyu.

Ya buɗe kowace ƙofa ya rufe da ƙarfi yana sauraren ƙararta. Ya murɗa famfo. Ya samo doguwar sanda ya zura a masai, ya zaro ya duba tsawon jiƙon kamar mai auna man inji. Habsatu ta kau da kai.

"Baba, hannu nawa gidan ga ya bi?"

"Ni na gina shi."

"Ya taɓa haɗari?"

Baba Isufu ya yi tunani tsakani da Allah. "Rago ya taɓa tunkurin ƙyauren baya, shekarar da na yi ritaya."

Abdulmumini ya garzaya ƙyauren baya cike da fata, ya tarar an canza shi tuntuni. Jikinsa ya yi sanyi.

"To sai a ba ni ese," ya ce, wato zagayen gwajin da ake yi da mota kafin ciniki.

"Ina za ka da shi?" in ji tsohon.

"Baban Nuriya," Habsatu ta ce wa mijinta a hankali, "rana na yi."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ginin ƙasa ne a kan azarar giginya, ga shi ana tsakiyar bazara, sama ko ƙyallen gajimare babu. Rufi ba ya faɗin gaskiya sai ya sha ruwa. Nan take ya fita ya tsaida 'yan ga-ruwa uku da kurarsu, ya aro tsani, ya ce su hau su yi ta tuttulawa har sai ya ce ya isa. Suka dubi juna. Mafi tsufa a cikinsu ya tambaya ko magani ne aka ba shi. Da aka ce a'a, sai ya hau kawai, tunda mai kuɗin ruwa ya fi mai ruwa sanin inda za a zuba.

Abdulmumini ya shiga babban ɗaki ya kwanta rigingine a ƙasa kamar yadda yake yi a ƙarƙashin mota, ya ƙura wa azara ido. Bido goma, wato jarka goma, suka tafi. Ashirin. Talatin. Ko ɗigo. Ya roƙi Allah a zuciyarsa ya nuna masa 'yar yoyo ko da a kusurwa ce, ya saya hankali kwance. Ta bakin ƙofa yana hango Habsatu tana gyara mayafi, ta soma duban hanyar waje. Ya san in ta fita, tasha za ta nufa, amma ba don komawa ɗaki ba.

Sai aka ji salati daga bayan katanga.

Indararon gidan can yake zuba, cikin gidan maƙwabciya, Jumma mai bandar kifi. Da damina ta san da zamansa, takan kwashe kayanta. Amma wa ke tsammanin ruwa daga sama ana wannan zafi? A ƙarƙashin indararon ta shanya tarwadar da za ta kai kasuwa gobe, tabarma uku, yanzu duk sun koma iyo cikin jar laka.

Ta shigo ba sallama, riƙe da wata tarwada ta wutsiya.

"Wane mahaukaci na ka yi ma soro wanka? Kai na? Kihin da na hiddo daga ruwa da wahala, ka maishe min shi ruwa? Ƙato da kai, kwance ƙasa, mutane na maka damana bisa kai."

Ta bi shi daga hula har takalmi, ta haɗa da motocin Kwatano da duk mai hawansu. 'Yan ga-ruwa suka sauko sumul suka ja kurarsu. Abdulmumini ya tashi zaune yana saurare, fuskarsa na washewa kaɗan-kaɗan, kamar wanda ya ji ƙarar da ya daɗe yana nema a cikin inji.

"Ki yi haƙuri, Inna. Kihin duka a ɗaure min, ni za ni ci." Ya juya wurin matarsa, ya rage murya, murna fal cikinsa. "Habsatu, kin ji ciwon? Maƙwabciya ce. Bakinta. Wanga ciwo ne da mutum ka iya zama da shi." Ya miƙa wa tsohon hannu. "Baba, na saya. Bari in ɗauko mota mu tahi a yi takarda."

Ya fita yana karkaɗe ƙurar bayansa. Jumma ta bi shi har zaure, don ba ta gama ba.

Baba Isufu ya matso kusa da Habsatu.

"Ɗiyata, ni dai sai in hwaɗi gaskiya. Shekara ashirin muna katanga guda da Jumma, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai yau. Babu mai haƙurinta a unguwag ga."

Habsatu ta leƙa zaure, ta ga mijinta ya yi nisa. Ta sauke mayafinta a kafaɗa, ta zauna a gindin mangwaro.

"Na sani, Baba. Jiya na wuni gidanta," ta ce. "Don Allah kar ka gaya mai sai an sa hannu."